Allurar da Aka Shanya a Faifai

Ku da kuke shigowa aikin kemis yanzu, na lura da yawanku kun ɗauke shi aikin miƙo-in-miƙa: a ba ka takardar likita, ka ɗauko kwalba, ka ɗaure a leda. Ban ga laifinku ba. Ni ma haka nake hange lokacin da nake wucewa ta gaban shagon Madam Rahila a unguwar Ɗan Iya, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da la'asar. Kwanan baya ɗaya daga cikinku ta tambaye ni me ya sa nake hana a fitar da kwalabe daga kwalayensu a jera a gilas, alhali an sa mana fitilu masu kyau. Na ce mata zan ba ta amsa in na sami sararin zama. To, ga shi na zauna.

Madam Rahila mutuniyar Bogoro ce. Ta yi karatun haɗa magani, ta yi aikin asibiti shekaru kafin ta buɗe shagonta. Mace take nema da za ta riƙa tsaya wa mata, don akwai ciwon da matar cikin gari ba za ta faɗa wa namiji ba ko da zai kai ta ƙasa. Malamar ajinmu ce ta ce mata ga Asabe, ta fara haɗa baƙi kuma ba ta da garaje. Haka na shiga, da goyo a bayana.

Aikin farko da ta ba ni ba sayarwa ba ne. Ta zuƙo ruwan bitamin mai launin ɗorawa a sirinji, ta raba shi a fararen kwalabe biyu. Ta ce in ɗora ɗaya a bakin taga inda hantsi ke bugawa, ɗayar in sa a durowa in rufe.

"Je ki yi shararki, Asabe. Kar ki taɓa su."

Kashegari bayan azahar ta shimfiɗa farar takarda a kan kanta, ta ajiye su kusa da juna. Ta durowa tana nan da launinta. Ta taga kuwa ta koɗe kamar atamfar da ta sha wanki.

"Wa ya sha wannan?" in ji ta.

Na ce, "Ba wanda ya sha, Madam. Ko murfin ban taɓa ba."

"An sha mana. Rana ce ta sha. Ruwan yana nan, maganin ne ya tafi."

Daga nan ta yi min bayani irin wanda zan iya riƙewa. Ta ce magani in yana ƙwaya, a dunƙule yake, a bushe, haske sai dai ya lashi bayansa. In aka narka shi a ruwa, a sake yake, haske na ratsa shi ta ko'ina, yana karya shi kaɗan-kaɗan. Ni da na koma gida sai na fassara wa kaina da daddawa: ta dunƙule takan yi watanni a kwano, wadda ta shiga miya kwana ɗaya ya ishe ta. Ba kowane magani ne ke tsoron haske ba, wasu ko a jikinsu. Amma masu tsoronsa ba sa jira a buɗe murfi. Wani zai koɗe, wani ya yi duhu, wani ya yi gudaji a ƙasa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda zai lalace fuskarsa ba ta nuna ba. Kuma ranar ƙarewar aiki da kuke karantawa a jikin kwali, alkawari ne mai sharaɗi. Kamfani cewa ya yi zai kai ranar in an ajiye shi yadda aka ce. Bai yi alkawari da bakin taga ba.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini. Akwai kwalba mai ruwan ƙasa, wadda ke tare hasken da ya fi ɓarna. Akwai kwali. Akwai labule mai kauri da Madam ta sa na ɗinka wa tagar gabas. Akwai baƙar leda, da takarda mai ƙyalli da muke naɗe sirinji in an zuƙi magani za a kai wani wuri. Akwai firij, da kula ta zuba ƙanƙara in wuta ta ɗauke. Sai farar takarda da kofin ruwa, waɗanda su ne ma'aunin talaka: ka ajiye magani gefen ruwa a kan fari, ka duba da idonka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Wani wanzami a bayan shagonmu, Malam Ɗanjuma, ya taɓa shigowa yana huci. Ya sayi ruwan wanke ciwo, irin mai yin kumfa in ya taɓa jini, ya ce mun sayar masa da na jabu, ruwan famfo ne kawai. Na ce ya nuna min. Ya zaro wata farar robar fesa turare daga aljihu.

"Malam, ina kwalbar da na ba ka?"

"Waccan baƙar? Ai ba ta da kyan gani. Na juye a nan na ɗora gaban madubi."

Madubinsa kuwa yana kallon titi, rana na dukansa tun hantsi. Na ɗauko sabuwa, na ɗiga masa a wani ɗan yanka da ke yatsarsa, kumfa ya taso fari fat. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ai sai ku riƙa faɗa." Na ce na faɗa, ranar yana sauri ne. Ya ce shi bai taɓa sauri ba a rayuwarsa, a tambayi masu jiran aski.

Akwai kuma wani Alhaji da ya ƙi karɓar maganin tarin ɗansa saboda kwalbar ta yi kama da ta giya, kada maƙwabta su hango. Madam ba ta yi gardama da shi ba. Ta mayar da kwalbar cikin kwali, ta ɗaure a baƙar leda, ta ce, "Alhaji, yanzu ba mai gani, ko mutum ko rana." Matan sojoji daga barikin Shadawanka kuwa nasu salon daban: su juye maganin yara a robar ruwa don su riƙa ganin inda ya tsaya. Su nakan koya musu ɗaga kwalbar su girgiza a kunne. Aikin ke nan, yara. Rabinsa magana ce, kuma magana ɗaya za ka yi ta maimaitawa har ka tsufa.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ta fi kowace ba mu wuya. Damina ce aka yi mai nauyi. Katangu suka yi ta zubewa a cikin gari, turakun wuta suka faɗi, aka daɗe ba wuta. Motocin da ke kawo mana kaya daga Kano da Jos suka riƙa maƙalewa a hanya, kantocin shago suka fara yin fili. Danshi ya kama komai, bango ya yi fumfuna. Kullum da safe sai na bi masu janareto neman ƙanƙara don abin da ke cikin kula. Duk ranar da rana ta leƙo kuwa, Bauchi gaba ɗaya sai ta koma wurin shanya: katifu, tabarmi, hatsi, littattafan yara, har takalma a kan katanga. Mu ma muna yi, amma da doka. Kwalayen da suka jiƙe nake fitarwa waje su kaɗai, kwalaben kuwa suna cikin baho a ƙuryar shago, an lulluɓe su da bargo.

A wannan daminar ce 'yata ta fari ta dawo gida da tsohon ciki. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, sai a wuri ɗaya in mun je. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna har da sumbata a gaban mutane. Mu ba haka muka taso ba. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a idon jama'a, ko faɗuwa ta yi sai dai wata ta ɗaga. Shi ya sa ma ake ce min Maman Sadiku, da sunan na biyu. Ƙannenta Yaya suke ce mata, ni kuma in ce "Yayarku".

Haihuwarta ta farko a gidan miji ta zo da zubar jini har sai da aka yi mata ƙari. Saboda haka wannan karon aka kawo ta kusa da Sista Balki, ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan gidan haihuwa a Ƙofar Wambai. Sista ta duba ta, ta ce jininta bai hau ba, cikin lafiya lau, amma mai irin wannan tarihi ba a karɓar haihuwarta sai allurar tsai da jini na kusa da hannu. Allura biyu ce. Ta farko kowace mai haihuwa ake yi wa. Ta biyu sai in jini ya ƙi tsayawa, ita ke sa mahaifa ta dunƙule ta matse jijiyoyin. Wannan ta biyun, a duk abin da muke sayarwa, ba wadda ta kai ta ƙin haske. Wasu kamfanoni a 'yar kwalba mai duhu suke zuba ta. Wadda ake samu a shekarar a fara take, ba ta da sutura sai kwalinta.

Wata Talata Madam ta aike ni gidan Sista da auduga da safar hannu. Sista ba ta nan, ta tafi Azare gaisuwar rasuwa, ana sa ran dawowarta ranar da yamma. Goggo Kande na tarar, ƙanwar mahaifin Sista, wadda ke riƙe da gidan: ita ce wanki, ita ce shara, ita ke dama wa masu jego kunun kanwa. Tsabtarta har misali ake yi da ita a unguwar. Ita ta yi min wankan jego na 'ya'yana duka, don haka ko kallon ido ba na yi mata.

Tsakar gidan cike yake da shanya. Katifun ɗakin haihuwa, zannuwan gado, yankakkiyar kuɓewa a tabarma. Can gefen kuɓewar sai na hango faifai, wani abu na ƙyalli a kansa kamar duwatsun wuya. Na matsa. 'Yan kwalaben allura ne, an jera su reras, kowace da tazara tsakaninta da 'yar uwarta don rana ta samu ko'ina. Na karanta jikin ɗaya. Allurar tsai da jinin nan ce, ta biyun.

Na gama gaisuwa tukuna, har da tambayar ƙafarta da ke ciwo. Sannan na ɗauki faifan a hankali na kai inuwar zaure.

"Ke Asabe, ina za ki kai min? Ba su gama bushewa ba."

"Goggo, tun yaushe suke waje?"

"Tun da ruwa ya ɗaga. Balki ta kwashe su daga firij da wuta ta ƙi zuwa, ta ajiye gindin randa don sanyi. Tana tafiya rufin ya yi yoyo, kwalayen suka zama kamar tuwo. Na zubar da su, na goge kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Kullum ina fitarwa da hantsi in shigar da la'asar. Ko fumfuna ɗaya ba za ki gani ba."

Gaskiya ta faɗa, babu fumfuna ko ɗaya. Na roƙe ta ta ba ni guda, na naɗe a bakin mayafi, na tari keke na koma Ɗan Iya.

Madam ta fasa kan kwalbar, ta zuƙe a sirinji, ta ajiye gefen wani sirinjin mai ruwa a kan farar takarda. Bambancin ba shi da yawa. Kamar ruwan da aka ɗauraye kofin shayi da shi, haka launin yake. Ba don ruwan na gefe ba, da sai ka rantse fari ne.

"Wannan ta fara tafiya," in ji Madam. "Nawa ya rage a cikinta, ban sani ba, kuma ba a jikin mai zubar jini ake gwadawa ba. Kwali ɗaya ya rage min a kula, zan ajiye wa Balki. Ki koma ki faɗa mata. Ita ta san wannan fiye da ni da ke, ba ta nan ne kawai."

Faɗar ce aikin. Da na koma bayan la'asar, Goggo ta riga ta kwashe alluran ta zuba a wani sabon gwangwani, ta mayar gindin randa. Duk wanda ya buɗe zai ce an kyauta. Sista ta dawo ke nan, tana zaune a tabarma ko mayafi ba ta cire ba, maƙwabta mata sun shigo yi mata sannu da hanya da gaisuwa. Na zauna a gefe ina jiran su watse. Goggo ta lura da ni, ta kuma san abin da ya dawo da ni. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, tashi ki tafi gida. Rana da ke kashe ƙwarin katifa, ta busar da hatsin da muke ci, ita ce za ta ɓata abin da ke rufe a gilashi? So kike ki nuna wa Balki na tsufa na fara ɓarna?"

"Ba haka ba ne, Goggo. Da kyakkyawar niyya kika yi."

"To bar shi a haka."

Na ce ba zai baru ba. A nan ta ɗaga murya, matan suka juyo.

"Ikon Allah! Wai ke mene ne naki a ciki? Kayanki ne? Ko ke ce za ki haihu?"

Ta san inda ta taka. Ta san ba zan iya amsa wannan a gaban mutane ba, don ita da kanta ta koya min kunyar tun ina jegon fari. Matan suka yi 'yar dariya, suna jira in sunkuyar da kai in yi shiru kamar yadda aka saba. Na duba gwangwanin da ke gindin randa. Na ce, ba da ƙarfi ba, don ni ban iya ƙarfin murya ba:

"Hafsatu ce za ta haihu, Goggo. 'Yata. Ita za a yi wa allurar nan."

Wata tsohuwa ta kama baki. Sista Balki ta dube ni, ta ce, "Maman Sadiku, wace allura?"

Na faɗa mata komai, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta ko nemi ganin farar takarda ba. Ta ce, "Inna lillahi," ta tashi ta buɗe gwangwanin, ta ɗaga ɗaya ta duba, ta mayar. Sannan ta durƙusa gaban Goggo.

"Goggo, laifina ne da na tafi ban gaya miki ba. Da kwali kika shanya kika bar su a duhu, da shi ke nan. Waɗannan sun gama aiki."

Goggo ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Kashegari na kawo sabon kwalin a cikin kula, na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba ta dube ni ba. Haka muka yi ta yi har cikin ya kai.

Naƙuda ta zo ranar wata Asabar da hantsi, rana ta fito tar bayan ruwan safe. Maƙwabciyata ce ta shiga da ita, ni na zauna a zaure inda ya kamace ni. Kular tana ɗakin Goggo, don ya fi ko'ina sanyi, ɗakin haihuwa kuma yana ɗaya gefen tsakar gida. Na ji kukan jariri. Na ji an yi shiru irin wanda ba na son ji. Sai muryar Sista:

"Goggo! Ta biyun, maza!"

Daga zaure ina hango tsakar gida. Goggo Kande ta fito da ƙafarta mai ciwo, tana ɗingishi da sauri. Ta ciro kwalin daga kula, kuma ko da yake a kwalinsa yake, ta cusa shi ƙarƙashin zaninta, ta sunkuya a kansa kamar mai ƙetare ruwan sama da jariri, har ta shige. 'Yar tazarar nan ba za ta yi wa maganin komai ba. Ban gaya mata haka ba, kuma har ta rasu ban gaya mata ba.

Ba zan ce muku da an yi waccan ta faifai da ba ta yi aiki ba. Wataƙila da sauran ƙarfi a cikinta, wataƙila babu. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne wannan ta yi. Sista ta ce mahaifar ta dunƙule a ƙarƙashin hannunta kamar ƙwallon goruba, jinin ya ja baya. Ba a kai ga neman mota ba.

Can Goggo ta fito tana goge hannu a gefen zani. Ta tsaya a bakin zaure, ta ƙare min kallo, karo na farko tun ranar gwangwani.

"To, mai baki. Tashi ki shiga, ana kiranki."

Na ce, "Wa ke kira, Goggo?"

"Au, yau kuma kin manta sunan? Wadda kika yi wa shela rannan gaban mutane. Shiga, namiji ta samo miki."

Yaron nan shi ne wanda kuke gani yana zuwa ɗaukata a babur in an tashi, mai ce min in bar aikin nan haka in huta. Uwarsa kuwa har yau "Yayarku" nake ce mata.

Saboda haka gobe in kun zo, kwalaben da kuka jera a gilas ku mayar da kowace cikin kwalinta. In kuna son a yi ado, ku jera sabulu da auduga, su ba abin da fitila za ta ɗauke musu.